Abin da Salihu Ya Yi wa Ordinatar Ranar Kasuwa

Zuwa ga ƙanena Mainassara, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka. Allah ya ƙara basira, ya sa ka gama lafiya. Mu nan Dakoro kowa kalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana zuwa masallaci da kanta. Zafi kuwa ya kai inda ya kai, ba mu ga ko hadari ba tukuna.

Yanzu sai maganar da ta sa na zauna rubutu, domin in na kira ka a waya faɗa zan yi. Bidiyon nan da ka turo wa mijina Salihu, na yadda ake ƙara wa purosesar, ƙwaƙwalwar ordinatar, gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka saita, ya jawo mana abin kunya. Ka san ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya gare mu a butik ɗinmu na hoto, da ita nake haɗa hotunan biki. Ranar kasuwa ina cikin aikin bikin Azara, ɗiyar wasu makiyaya na Azagor, na fita sallar azahar. Kafin in dawo Salihu ya shiga BIOS, wurin saitin na'urar, ya ɗaga gudun har ƙarshe, ya ƙara mata ƙarfin wuta, duk a zama ɗaya. Da na ci gaba da aiki sai fanka ta kama kuka, allo ya daskare, na'ura ta mutu. Muka kunna, allo baƙi ƙirin.

A lokacin kakar amarya, tsohuwa Dela, tana zaune bakin ƙofa. Ta biyo motar kasuwa ne don ta ga bikin jikarta, saboda tana kwance asibiti lokacin da aka yi shi. Na tambayi Salihu abin da ya taɓa, ya ce wai so ya yi ya sauƙaƙa mini aiki, kuma ai Mainassara ya ce abin ba wuya. Dela ta jira har la'asar, ta ce ba komai, Allah bai yi ba, ta tashi ta bi mota. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na zare wayar kuran, wato ta lantarki, na buɗe akwatin, na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na jira kaɗan na mayar. Saitin ya koma na asali, na'ura ta tashi. Aikin da nake ciki ya lalace, amma hotunan suna nan a katin kamara, sai na sake daga farko. Washegari Salihu ya hau moto cikin rana ya kai musu har Azagor. Ya ce Dela ta kalla a wayar ango tana kuka tana dariya.

To yanzu kuma na ji kana shirin yi wa taka ordinatar haka, wadda aikin kammala karatunka yake ciki. Mainassara, kai da hankalinka! Tunda na san ba ka jin bari, ga yadda za ka yi. Fara kwafe aikinka a wani wuri daban. Ka bincika ko purosesar ɗinka da faifan cikin akwatin da take zaune a kai sun yarda da ƙarin, don ba duka ke yarda ba. Ka buɗe akwatin ka share ƙura, ka tabbata fanka na juyawa sosai, in man da ke tsakanin purosesar da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ka sa sabo. Sannan ka ɗaga gudun taki ɗaya tak, ka kunna, ka ba ta aiki mai nauyi na tsawon lokaci kana kallon zafinta. In ya haura digiri tamanin, ko allo ya daskare, koma baya ka tsaya nan. Ƙarfin wuta kuwa kar ka taɓa shi, shi ke ƙona kaya. Masu bidiyon nan a ɗaki mai sanyi suke zaune, kai kana ƙarƙashin kwano. Kuma ƙarin da za ka samu ɗan kaɗan ne, bai kai ka yi asarar wahalar shekarunka ba. In da ni ce, sai na miƙa aikin tukuna.

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Balkisu da Idrisa na gaisuwa. Ka gaishe da Kawu Rabo da iyalinsa in ka je Juma'a. Salihu ma ya ce in gaishe ka, yana kwance da ciwon baya tun dawowarsa. Jiya ya tambaye ni ko ita ma kamara ana iya ƙara mata gudu. Na kulle ta a akwatina.

Taka yayarka,
Haula