Rawar Kai: Ta Babur Ce Ko Ta Mai Babur?

Mai wannan fili, ka taimake ni da amsa, don na rasa wanda zan tambaya bai yi mini kallon tsoho mai rigima ba. Da hannuna nake rubuto maka, da alƙalami, yadda aka koya mana a zamanin da karatu ke da daraja.

Shekarata sittin da bakwai. Talatin da ɗaya daga ciki na yi su ina awon filaye da hanyoyi. A makaranta ban taɓa sauka daga na biyu a lissafi ba. Waɗanda suke leƙen amsa a littafina yau buɗe musu ƙofar mota ake yi, ni kuwa ƙwai nake kaiwa shaguna. Uwar 'ya'yana ke kiwon kaji a bayan gida, ni nake jera kiret a bayan babur ina rabawa. Ban faɗa don ka tausaya mini ba. Na faɗa ne don ka san in aka raba ni da babur ɗin nan, daga ni sai tabarma da rediyo.

Wata biyu ke nan kansa ya fara rawa. In ina tafiya a hankali, lafiya lau. Da allurar gudu ta kai arba'in, musamman a gangaren da ke sauka gada, sai tayar gaba ta kama kaɗawa hagu da dama kamar karen da ya fito daga ruwa. In na ƙanƙame kan, abin ƙaruwa yake. In na rage gudu, sai ya lafa. Kwana tara da suka wuce ya kusa kai ni ƙasa. Ban faɗi ba, amma kiret uku suka tafi. Na tsaya a bakin titi ƙwai na bin ƙafar wandona, masu wucewa suna yi mini sannu suna danne dariya.

Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce. Da labari ya kai mata ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni da irin ladabin da ake yi wa wanda za a yanke wa hukunci. Ta ce ba babur ke rawa ba, hannuna ne. Wai ta ga shayi yana zuba in na ɗauki kofi. Kofin da uwarta ke cikawa har baki. Ta ce sai an duba ni a asibiti, ta ɗauke makulli ta ba uwarta, ita kuma ta ƙulle a bakin zani. Uwar tata har da cewa tun ina saurayi aka san ni da rawar kai, yanzu babur ya koya. Shekara arba'in da aure, abin da ta samu ta faɗa ke nan. Ba su san akwai makulli na biyu a akwatin takarduna ba.

Kafin wannan na kai babur ɗin wurin bakanike. Ya zagaya shi, ya daki taya da ƙafa, ya tura shi taku biyar a cikin gareji, ya ce ƙalau yake. Ya nemi makulli wai zai gwada a titi, na hana. Shekara goma sha tara babu wanda ya hau babur ɗin nan sai ni. Surukina ma ya yi tayin gwadawa, na yi kamar ban ji ba. Yaran yanzu ba su san awo ba, cire wannan sa wancan suka sani.

Don kada ka ce na ɓoye wani abu: akwatin ƙarfen da nake sa ƙwai a ciki, na sa mai walda ya ƙara masa tsawo ta baya don ya ɗauki kiret goma maimakon shida. Tayar gaba ta sha faci uku. Da damina na faɗa rami, wayoyin wili biyu suka tsinke, na canza su da kaina na ɗaure da ido. Idona na awo ne.

Yanzu kullum da safe ina zagaya babur ɗin a zaure, in juya taya, in zauna, in sake tashi. Ƙwai na taruwa a ɗaki, masu shago sun fara karɓa wurin wani. Jiya na ɗauko makullin nan na sa a aljihu, na mayar, na sake ɗaukowa. Nakan miƙe hannu in zuba masa ido, in ga kamar yana motsi, in ga kamar ba ya yi. Mutumin da ya ja layin hanyar da kowa ke bi ya kasa gane ko hannunsa a tsaye yake. Ka faɗa mini gaskiya, rawar ta wa ce?

Tsohon Mai Awo

AMSA

Baba Mai Awo, na karanta wasiƙarka sau biyu. Bari mu fara da babur, don shi ba ya jin haushi in an bincike shi.

Akwatin nan shi ne na farko da nake zargi. Nauyin da ya wuce tayar baya ɗage gaba yake yi, tayar gaba ta rasa riƙon ƙasa, kai ya kama rawa. Tuna ko tun da aka ƙara masa tsawo abin ya fara. Sannan a auna iskar taya da ma'auni, ba da ƙafa ba, a duba ko ta kumbura ko ta cinye gefe guda. Faci uku ya isa a sallame ta.

A ɗora babur ɗin kan babban jak, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Riƙe alli daf da bakin wili ka juya. In ya taɓa nan ya bar can, wilin ya karkace, kuma wayoyin da ka ɗaure da ido su za a fara tuhuma. Girgiza tayar gefe da gefe. In ta yi motsi, boris ɗinta ya ci. Kama ƙarafan gaba biyu ka ja ka tura. In ka ji ƙwas, ko kan ya sarƙe a tsakiya in ana juya shi, boris ɗin wuya ne. Duba kuma ko shokozoba ɗaya na tsiyayar mai.

Rawar da ke jiran gudun arba'in, ta lafa in an rage, ta fi kama da ta ƙarfe. Wannan hujjarka ce. Amma 'yarka ma tana da tata. Aikinta ne lura da hannun mutane, kuma ba kiret uku take jin tsoro ba, uba guda gare ta. Wasiƙarka shafi huɗu ce. Ukun farko layukansu kamar an ja da rula, layukan na huɗun sun ɗan kaɗu. Ko gajiya ce, ko wani abu, ni ba likita ba ne. Rawar hannu dalilanta da yawa, wasu ana maganinsu. Mai yiwuwa ma ku duka biyu kuna da gaskiya.

Ka ce bakanike bai ga komai ba. Ina zai gani, ka hana shi hawa? Gwajin da zai raba gardama guda ne: wani ya sa hular kwano ya hau a hanya marar cunkoso, sau ɗaya babu akwati, sau ɗaya da buhun yashi a madadin ƙwai. In ya yi rawa a hannunsa, ka wanku. Ina jin ka san wannan tun kafin ka rubuto, amsar ce ba ka so ka ji.

Don haka makullin da ke aljihunka ka miƙa wa bakanike, kai kuma ka bi 'yarka asibiti a rana guda. Kada ka hau sai an ji daga ɓangarorin biyu. Kafin nan surukinka ya raba ƙwan, kada masu shago su manta da ku. Shekara talatin da ɗaya kana sa mutane su yarda da abin da ma'auni ya nuna ko bai yi musu daɗi ba. Yau kai za a auna, ka tsaya.

Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tayar, ya bar ka da uwar 'ya'yanka tana tsokanarka shekaru masu yawa.