Karon da Hadiza ta yi bisa ƙanƙara

Villeurbanne, daren Laraba, hunturun 1986

Yau na raka ɗiyata Hadiza wurin koyon hoki, wasan nan na sanda da ɗan faifan roba bisa ƙanƙara.

Malaminsu ya ce, "Wadda ta tura faifan kada ta tsaya kallo, ta ruga inda babu kowa." Hadiza ta tura, ta ruga. Ashe wata yarinya ma nan ta nufa. Ƙarar karon da suka yi har yanzu tana kunnena. Hadiza ta miƙe da jini a leɓe tana dariya, ɗayar kuwa sai da aka ɗauke ta.

Cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Hadiza ta ce, "Baba, don Allah kada Inna ta ji." Ban faɗa ba.

Ga takardar izinin zuwanta wasan Asabar a Paris, gobe ake son ta da sa hannuna. Sau uku ina ɗaukar alƙalamin bik ina ajiyewa. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Na leƙa ɗakinta, tana barci lafiya, har ta shirya jakar tafiya.