Abin da Ke Kai Baba Wurin Tausa

Trang, farkon damina

Yaya Thawin,

Gaisuwa mai yawa daga matarka. Ina fatan kana lafiya, kuma aikin masana'anta bai cinye ka ba a Taiwan. Yara lafiya lau. Inna, mahaifiyarka, tana nan kwance yadda ka bar ta, ƙafafun sun ƙi.

Labarin Baba, mahaifinka, zan ba ka. Ka san kafaɗarsa da ta sandare har ya bar tsaga itacen roba? Likita ya tura shi tausa kowace Laraba, wurin Goggo Chaluay a asibitin ƙauye. Da ƙyar ya je, wai shi ba ƙullun fulawa ba ne da za a murza. Yanzu hannun yana ɗaguwa, yana barci, har masifar ta ragu.

Sai dai Goggo ta ce ya warke, amma bai fasa zuwa ba. Yana dawowa da ƙanshin kurkum da ganyen lemo, ba ya ce wa kowa komai. Jiya na same shi yana danna matashi da babban yatsa. Matan kasuwa sun fara cewa Goggo bazawara ce. Inna ta ji, ta juya fuska bango. Me kake tsammani?

Taka,
Lamduan

Trang, tsakiyar damina

Yaya Thawin,

Ina gaishe ka da kewa, ya tarin naka? Kada ka yi wa Baba waya da faɗa, na gano zancen.

Na bi shi ran Laraba na leƙa ta taga. Ba shi ake yi wa tausa ba. Goggo ce zaune ta miƙe ƙafa, yana durƙushe yana dannawa, tana bugun hannunsa tana cewa ƙafar mutum ce, ba gindin roba ba.

Shekaranjiya da rana ya ɗumama ƙunshin ganye, ya shiga ɗakin Inna ya zauna gefen tabarma. Tunda na zo gidan nan ban taɓa ganin ya riƙe ko yatsanta ba. Ta tambaye shi ko bazawarar ce ta kore shi. Sai ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya fara dannawa.

"Tsoho, hannunka kamar ɓawon kwakwa," in ji ta.

Da ya gama zai tashi, sai ta turo masa ɗaya ƙafar.

Ka ci abinci sosai. Muna jiranka.

Matarka,
Lamduan