Cokali Biyu na Gimbiya

Litinin, 3 ga Maris

An rufe gidan burodi. Shekara goma sha tara ina kwaɓi a wurin, ban taɓa ganin tanderu ya huce ba sai yau. Fulawa babu, yis babu. Tun da bankuna suka rufe, kuɗi suka koma takarda, ko motar kaya ɗaya ba ta shigo gari ba.

Maigida ya ja ni gefe ya miƙo min kwalbar Gimbiya. Tsohon kwaɓi ne mai tsami da ya gada daga mahaifinsa. In an ɗiba an sa a sabon kwaɓi, burodi zai tashi ko babu yis. Mu ma'aikata muka sa mata sunan, don kullum sai ta ci kafin kowa ya karya.

Ya ce, "Gidana baki goma sha huɗu ne, kafin in juya sun gasa ta. Kai ka san halinta. Cokali biyu na fulawa kullum. In ta mutu, ko fulawa ta dawo ba mu da abin tayar da burodi."

Na ce na karɓi amana. Na tura ta ƙarƙashin gado, bayan akwati. Ban gaya wa matata ba.

Laraba, 5 ga Maris

Shayi ba madara ba sukari. Ruwan zafi ne kawai ya yi kwalliya.

Asabar, 8 ga Maris

Abin da ya rage a kicin: rabin bokitin fulawa, wake kaɗan, gishiri. Yaran biyu manya mun tura su wurin kakarsu, saura Auta, 'yar shekara shida. Matata tana dama fulawar da ruwa da gishiri, mu sha da rana. Ni kuwa da sassafe, kafin su tashi, in lallaɓa in ɗebi cokali biyu. Ɓarawo a gidana, da furfura a gemuna!

Tela maƙwabcinmu ya zauna a ƙofar gida yana lissafa abin da yake kewa. Ƙwai soyayye. Ruwan firji. Sabulu mai kumfa. Wai jiya ya yi mafarkin man goge baki. Muka yi dariya, daga baya kowa ya shiga haɗiyar yawu. Ni ƙamshin tiren farko nake kewa, lokacin da aka buɗe tanderu gari bai gama wayewa ba.

Talata, 11 ga Maris

Matata ta lura. Ashe tana ja wa bokitin layi da gawayi kowace yamma. Na manta wa na aura.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau na yi abin kunya.

Na dawo daga layin ruwa na tarar da Auta tana kuka a bayan ƙofa. Uwarta ta ga farin gari a rigarta, ta ce ita ke lasar fulawa. Ta mare ta. Garin nan daga hannuna ya fito, da na ɗaga ta da safe. Yarinyar tana ta cewa, "Baba, wallahi ba ni ba ce," tana kallona.

Na ce, "To, ya isa haka, a bar maganar." Abin da ya iya fita daga bakina ke nan. Na tsani kaina.

Lahadi, 16 ga Maris

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙa'idar aiki ce, kafin ka ciyar da Gimbiya sai ka zubar da rabinta, in ba haka ba tsami ya kashe ta. Haka nake yi tun ina saurayi, hannuna ke yi, ba kaina ba. Kwana goma sha uku ina kwarara rabin nan a magudanar bayan gida, ko sau ɗaya bai faɗo min a rai cewa abinci ne ba. Sabo turken wawa.

Matata ta je shanya ta gani, fari fat, tururuwa sun yanyame shi. Ta shigo da shi a tafin hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi min sauƙi.

"Baban Auta, mene ne wannan?"

Na jawo kwalbar na yi mata bayani: amana, aiki, ranar da fulawa za ta dawo. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Na mari 'yata saboda kwalba. Kana tsaye."

Ta je ta ɗauki Auta ta goya, yarinyar da ta wuce goyo tuntuni.

Laraba, 19 ga Maris

Ba ta hana ni cokali biyun ba. Ta dai ce rabin da nake zubarwa a kawo mata, tana gasa shi a kasko. Tsami kamar me, amma Auta na so. Da ni kuwa magana sai ta dole.

Asabar, 22 ga Maris

Bokiti ya kai ƙasa. Na karkaɗe shi a kan takarda na samu na yau. Na gobe, Allah masani. An fasa shagon mai sayar da hatsi a bakin titi, an ce ba a samu komai ba sai buhunan wofi.

Litinin, 24 ga Maris

Auta zazzaɓi.

Laraba, 26 ga Maris

Zazzaɓin ya sauka, amma ba ta cin komai. Kwana uku ke nan. Wake ta kawar da kai, ganyen da uwarta ta dafa ta amayar. Wuyan hannunta ya koma kamar mariƙin cokali. Ma'aikaciyar jinya ta layinmu ta duba ta, ta ce magani ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba, a nemo duk abin da ranta ke so.

Muka tambaye ta. Ta ce burodi. "Irin na wurin aikinka, Baba, mai laushi."

Matata ba ta kalle ni ba. Ta kalli ƙarƙashin gado.

Gimbiya kwana huɗu ba ta ci ba, amma da ranta, na ga ƙananan kumfa. In na rage ko cokali ɗaya, da me zan ciyar da shi? In ban rage ba, shekara arba'in na gidan Maigida sun tafi a loma biyar. Na zagaya tsakar gida har ƙafata ta gaji.

Alhamis, 27 ga Maris

Na juye Gimbiya duka. Ta yi ruwa, sai na haɗa da ɗan garin wake da matata ta daka, da gishiri. Na rufe na bar ta a rana ta tashi, ta kuwa tashi, baiwar Allah, kamar ta san na ƙarshe ne. Na kifa tukunya a kan kasko ya zama tanderu.

Burodin bai kai tafin hannuna ba, kuma ba laushin kirki. Ƙamshin ya fita har Tela ya leƙo ta katanga, ya ga wadda ake yi wa, ya janye kansa.

Auta ta ci rabi. Ta yi barci. Ta tashi ta cinye sauran, ta nemi ruwa.

Matata ta wanke kwalbar ta kife. Da za ta wuce ta dafa kafaɗata.

Litinin, 31 ga Maris

Na haɗu da Maigida a layin ruwa. Ya rame, wandonsa da igiya ya ɗaure. Ya kama hannuna yana murna, wai ya ji daga majiya mai ƙarfi motocin fulawa na hanya, mako mai zuwa ko na bayansa.

"Tana nan dai ko?"

Na ce, "Tana nan, Maigida. Ta fara samun ƙarfi."

Ya yi ta sa min albarka a gaban mutane. Gobe zan je gidansa in faɗa masa gaskiya. Ko jibi. Aikin dai na san ya tafi, kuma ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Da na dawo Auta na tsakar gida tana cin wake da hannu, tana yi wa uwarta gardama a kan wanka. Na zauna a bakin ƙofa na lalubi nadama a zuciyata, don ya kamata a ce tana nan. Na daɗe ina lalube.