Rawar sitiyarin da na rufe da guduma

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da warhaka. Admin don Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura tamanin, na fi shekara biyu ina cikin group ɗin nan ina karantawa ban taɓa cewa komai ba, da na shigo ne don in ga yadda makanikan yanzu ke aiki, to yau dai abin da ke cina ya fi ƙarfina.

Ni tsohon makaniki ne a Funtuwa. Abin da zan faɗa ya faru ne 'yan shekaru bayan an samu mulkin kai, lokacin muna tuƙi ta hannun hagu, motocin garin ma ka san mai kowace. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina aiki a ƙarƙashin maigidana, mutum ne mai zafi amma ya san aiki. A shekarar ya tafi Kaduna jinyar ido, ya bar min garejin gaba ɗaya, karo na farko ke nan da aka ce ni ne mai faɗa a ji. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura.

Akwai wani bawan Allah Malam Ishaya, Kirista ne daga wajen Ƙarfi, malamin asibiti ne a wata 'yar shan magani ta mishan. Ya sayi tsohuwar mota a hannun wani Bature da zai koma gida, motar ta sha wuya sosai a hanyoyin ƙauye kafin ta zo hannunsa. Shi bai iya tuƙi ba, ƙanensa Bulus ne ke ja. Motar nan ta ɗauki marasa lafiya da masu naƙuda ba iyaka zuwa Malumfashi, Musulmi da Kirista, ba a taɓa tambayar mutum addininsa ba kafin a buɗe masa ƙofa. Ni da Bulus sa'o'in juna ne, abokai ne na gaske, in ya shigo Funtuwa ɗakina yake ajiye jakarsa, kwano ɗaya muke ci, in zan yi salla ya matsa gefe ya jira ni.

Bayan an gama girbin dawa Bulus ya kawo motar, ya ce gabanta na rawa. In yana tafiya a hankali lafiya lau, amma da ya kai mil arba'in sai sitiyari ya fara karkarwa a hannunsa, har gilas ya ɗauka, in ya rage gudu sai ta lafa. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, taya ce. Na duba na ga tayar gaba ta dama ta cinye ta gefe ɗaya, na mai da ta baya na kawo ta baya gaba, na daidaita iska, na ce ya tafi. Kwana huɗu ya dawo, ya ce rawar na nan, har ta ɗan ƙaru. Na ɗaga motar da jak, na juya taya na ji 'yar ƙara, na ce boris ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Na canza boris, na cika giris, na duba rim ko ya lanƙwashe, bai lanƙwashe ba. Na ce masa wannan karon an gama, a gaban mutane na faɗa, har da wasu direbobin manyan motocin auduga da ke zaune a inuwar garejin.

Sati bai cika ba sai ga shi kuma, wannan karon tare da Malam Ishaya. Malam bai yi faɗa ba, mutum ne mai sanyin magana, cewa kawai ya yi in aikin ya fi ƙarfina ba laifi ba ne, za su jira maigidana ya dawo, ko su kai ta Zariya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Direbobin nan suna ji, ɗaya har ya yi dariya. Na ce su ba ni zuwa la'asar, suka shiga kasuwa.

Da suka tafi na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗaga gaban motar duka biyu, na kama taya ta sama da ƙasa na girgiza, shiru. Na kama ta gefe da gefe na girgiza, sai na ji ƙas ƙas. Na shiga ƙarƙashi na bi ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, wanda yanzu kuke cewa tayirod, na tarar kansa na dama ya cinye, ƙwallon da ke cikin kofin yana wasa, da hannu ma kana iya motsa shi. Ashe shi ne ya cinye tayar tun farko, ni kuma na bi taya na bar tushen ciwon. Duk makanikin da ke group ɗin nan ya san hukuncin wannan, canzawa ake yi, ba wata magana. Ni ma na sani. Amma babu irinsa a Funtuwa a lokacin, sai an aika Zariya ko Kaduna, aƙalla sati guda, kuma sai na tsaya gaban Malam Ishaya da direbobin nan na ce sau biyu ina kuskure, taya da boris duk ba su ne ba. Sannan maigidana ya dawo ya ji.

Sai na cire shi, na ɗora a kan maƙera, na sa guduma na doddoke bakin kofin har ya matse ƙwallon, na cusa giris, na mayar na ɗaure. Na taɓa ganin wani ya yi haka a daji don kawai mota ta kai gari. Na ce a raina zan yi oda a ɓoye, in ya iso sai in kira Bulus da sunan zan yi mata sabis in canza ba wanda ya sani. Na hau motar na bi hanyar Bakori, na kai mil hamsin, sitiyari tsit kamar sabuwa. Da suka dawo Malam Ishaya ya tambaye ni mene ne ya lalace, na ce wani noti ne ya kwance na ɗaure. Bulus ya ja ni gefe ya ce in gaya masa tsakani da Allah, zai iya sakin jiki da ita? Na ce, "Ka je har Ikko da ita in kana so."

Odar nan ban yi ta ba. Yau ne gobe ne, aiki ya yi yawa lokacin kakar auduga, kuma da na ji shiru sai na ɗauka ta zauna.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Bulus ya ɗauko matar Malam Ishaya, Rifkatu, zai kai ta awo Malumfashi, tana da ciki wata bakwai. A wata gangara kafin a shiga gari motar ta ƙwace masa ta bar titi ta daki ɗorawa. Rifkatu ba ta kai asibiti da rai ba, ita da cikin. Bulus ya karye a cinya, tun daga nan da ɗingishi yake tafiya. Ta bar 'ya ɗaya mai shekara uku, Saratu.

Ni aka aiko wa in je in jawo motar, tun da ni ke duba ta. Da na shiga ƙarƙashi na ga ƙwallon ya fice daga kofin, tayar dama ta juya ta kalli gefe, ga shatin gudumata nan a jikin ƙarfen ɓaro-ɓaro. Ba kowa a wurin sai wasu manoma da ke kallo daga nesa. Na sa sifana na kwance shi na jefa a aljihu, da na zo wata gada na wurga shi cikin ruwa. Da 'yan sanda suka zo garejin na ce gaban motar ya ragargaje ba a gane komai, suka rubuta suka tafi.

Ranar da na je gaisuwa, Malam Ishaya ya kira ni bayan gida inda rumbunansu suke, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne ka san cikin motar nan. Ka faɗa min gaskiya, akwai abin da ya same ta, ko yaron nan ne ya yi gudu?"

Na ce, "Malam, lafiyarta lau ta bar hannuna."

Ban ce Bulus ya yi gudu ba, amma na san abin da maganata ke nufi, shi ma ya gane. Dama mutane sun fara cewa Bulus na da ƙafa, wasu har suka ƙara da cewa ya sha burkutu, alhali ni shaida ne bai taɓa kai ta bakinsa ba. Daga ranar Malam Ishaya bai ƙara yi wa ƙanensa magana ba. Fastonsu ya shiga, dattawa sun shiga, ya ce ya yafe amma ba ya son ganinsa. Bulus ya bar gidan ubansu ya koma wajen Tsiga ya kama noma, bai sake taɓa sitiyari ba. Yarinyar da zai aura iyayenta suka janye, sai da ya kusa arba'in ya yi aure. Malam Ishaya ya rasu shekaru da yawa da suka wuce ba su shirya ba, a jana'izarsa ma Bulus a can baya ya tsaya. Saratu ta girma ta zama nas, ta yi ritaya, har yau in aka ambaci baffanta Bulus sai ta tashi daga wurin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Bulus bai taɓa rabuwa da ni ba. Lokacin da kowa ya guje shi ni nake zuwa duba shi, yana ganin amana ce, ni kuwa na san tsoro ne ke kai ni, ina so in ji ko ya tuna wani abu. Duk kaka sai ya aiko min da masara, da sallah sai ya zo, da Kirsimeti matarsa ta aiko da shinkafa. Ɗansa na biyu sunana ya sa masa duk da bambancin addini. Lokacin da aka yi wani tashin hankali a yankinmu iyalinsa a gidana suka kwana uku, mutane suna ta yabona. Ni kuma na zama babban makaniki, na yi suna wajen gano rawar gaban mota, daga Matazu ma ana kawo min, na koya wa mutane da yawa cewa kafin ka taɓa taya ka fara girgiza ta gefe da gefe. Ba wanda ya san inda na koyo. Na je Makka, ana ce min Alhaji, na roƙi gafara a can har na gaji da kuka, na dawo abin na nan inda na bar shi.

Na taɓa tambayar wani malami a kaikaice, kamar labarin wani ne, ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. To Rifkatu ta tafi, Malam Ishaya ya tafi yana ƙin ɗan'uwansa a kan ƙaryata, waɗannan wa zan roƙa? Matata ta rasu ban gaya mata ba, 'ya'yana ba su sani ba, ku ne na farko.

Wata biyu da suka wuce Bulus ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana gidan 'yarsa a Malumfashi. Na je makon jiya, ya rame, magana da ƙyar take fita. Ya sa aka ba mu wuri. Ya ce min kullum in ya rufe ido gangarar nan yake gani, ya lissafa ya sake lissafawa, shi dai a saninsa gudunsa bai wuce mil arba'in ba, amma tun da ni na ce motar lafiya take, to lallai shi ne ya manta. Ya ce ya aika wa Saratu sau biyu yana so ya roƙe ta gafara kafin ya tafi, ta ce ba za ta zo ba. Sannan ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Aboki, duk duniya kai kaɗai ne ba ka taɓa zargina ba."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai 'yarsa ta shigo da kunu. Na yi sallama na fito.

Tun ranar ba na iya cin abinci. In na faɗa masa, likita ya ce kada a tayar masa da hankali, jininsa na iya hawa, ƙila maganata ce za ta ƙarasa shi, in zama na kashe mutum uku a gida ɗaya. Kuma zan ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana jin daɗinsa, wato yana da aboki. In na je wajen Saratu na faɗa mata, ƙila ta zo ta gan shi, amma sai ta san ta yi shekara sittin tana ƙin wanda bai yi mata komai ba, kuma ubanta ya mutu a kan kuskure. Ga 'ya'yanmu da jikokinmu da suka tashi kamar 'yan gida ɗaya, ga yadda zamani ya zama, ina tsoron a juya maganar a ce Musulmi ne ya kashe matar Kirista ya ɓoye. In kuma na yi shiru, zai mutu yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, ni kuma in bi shi ba da daɗewa ba in tarar da su su duka suna jirana. Ko ta ina na duba ban ga inda zan fita da sauƙi ba, kuma na san ko an yafe min ba abin da zai mayar masa da ƙuruciyarsa ko ɗan'uwansa.

Ba na neman a lallashe ni, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta. Shawara nake so. Shi zan fara faɗa wa, ko Saratu, ko in tara 'ya'yana tukuna? Ko in rubuta in ajiye a buɗe bayan raina, duk da na san wannan ma wata ragwantar ce? Masu ilimin addini, Musulmi da Kiristan da ke cikinmu, da ma'aikatan lafiya da suka san irin ciwonsa, ku taimaka min.

Ɗazu da safe 'yarsa ta kira ni, ta ce ya daina karɓar abinci, kuma sunana yake ta kira. Na ce mata jibi ina tafe. Don Allah me zan ce masa in na shiga?