Shuɗayen Yatsu a Ƙofar Matata

Ƙasar Sarki, goma ga Rajab

Zuwa ga uwargidana Fanna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ina gaida Inna Kaltume, yaya ƙafarta? A shafa mini kan Hidaya. Ni ma lafiya lau nake, sai kewar tuwonki. Takarda na rubuto domin a nan an ce waya tana da kunne, kuma na san in na turo murya duk gidan sai sun taru sun ji, har da maƙwabta. Wannan kuwa ke da kika kai aji shida a lakwal za ki karanta abinki ke kaɗai.

Aikina shafa fenti ne a jikin bututun mai. Fanna, bututu ɗaya ya fi rumbun gidanmu faɗi, kuma tafiyarsa ta fi daga Waca zuwa Magaria. Man da 'yan ruwa-ruwa suke auna mana a kwalba muna ciniki kamar za mu yi dambe, a nan ruwan sha ya fi shi tsada. Amma tsaronsa ba wasa. Tun da aka taɓa jefo wa wata matata abu daga sama, kowace safiya sai an caje mu, an karɓe wayoyi, sannan kowa ya ɗora babban yatsansa a kan wani ɗan gilashi. In ya gane ka, ƙofa ta buɗe. In bai gane ka ba, sai askarawa, wato jandarmominsu, su zo su gane ka da kansu.

Zancen alkawari kuwa, ki kwantar da hankalinki. Na san sau uku ina shiga lista neman kwanseye, wato kansila, sau uku ina faɗuwa, na san san nomanmu a can ya tafi, kuma ban manta rantsuwar da na yi a gaban Inna ba cewa ni da siyasa haihata-haihata. To Allah ya kawo ni inda ko na so ba hali. Sarki ne da 'ya'yansa da 'yan'uwansa, babu jam'iyya, babu mitin, babu ko hula mai hoto. Ran nan na tambayi direban motarmu yaushe ne zaɓensu, sai ya dubi gabas ya dubi yamma ya ƙara wa rediyo murya.

Babban albishir shi ne, mudir, wato shugaban aikinmu, ya ce duk wanda ya kai watan Zulhajji ba shi da laifi a takardarsa, za a ba shi hutu da izini ya sauke farali. Wanda ya yi laifi kuwa, jirgi ne zuwa gida, kuma ba ya sake taka ƙasar. Ki gaya wa Inna, abin da take roƙo a kowace sallah na ta ji an kira ɗanta Alhaji, ya kusa.

Abu ɗaya ne har yanzu yake tsaya mini a rai. A zaɓen ƙarshe, masu katin zaɓe a gidanmu mu bakwai ne, amma ƙuri'a shida na samu a biron zaɓe na unguwarmu. Ki ci gaba da sa ido a kan ƙanena, ban yarda da dariyarsa ba.

Ki huta lafiya. Naki har kullum,
Mamadu Tsoho

Ƙasar Sarki, ashirin da biyu ga Shawwal

Zuwa ga Fanna,

Gaisuwa da fatan alheri, da barka da shan ruwa. Ina fatan kun yi sallah lafiya, Inna ta samu sauƙi, Hidaya tana zuwa lakwal. Na ga saƙonki da yajin da kika aiko, Allah ya saka. Kin tambaya ko bakina yana nan a rufe. A rufe yake ruf.

Sai dai mu 'yan Nijar da ke wannan sansani mun kai goma sha tara, yawancinmu daga Magaria da Dungass. Kin san mutanenmu, ko a tsakiyar teku aka ajiye su sai sun kafa fada. Kowace Juma'a bayan la'asar muna taruwa a bayan ɗakunan kwana mu dafa shayi. An hana gawayi saboda mai, don haka a kan lantarki muke dafawa, kumfarsa ba ta tsayawa, amma haka muke haƙuri.

Matsalar ita ce kujera. Kujerar roba ɗaya ce tak a wurin, sauran kowa a kan kwali yake zama, kuma wanda ya hau ta shi ake fara miƙa wa kofin farko. Makon jiya mutum biyu masu furfura sun kusa cin kwalar juna a kanta. Ni kuwa da na ga za a ji kunya a ƙasar mutane, sai na ba da shawara a zaɓi shugaban fada, kujera ta zama tasa. Fanna, kada ki ɓata fuska. Wannan ba siyasa ba ce, gyaran zumunci ne.

Babu wanda ya fito sai ni. Amma zaɓe ba abokin hamayya ai abin kunya ne, don haka na kwana biyu ina lallashin wani bawan Allah, Ɗalha mutumin Kwaya, har ya yarda a sa sunansa. Shi ba ruwansa da kujera. Ya yi hajjinsa tun bara, kwantararsa ta aiki ta ƙare, watansa uku yana jiran a ba shi tikitin komawa, hankalinsa duk yana kan gonarsa kada damina ta sauka ba ya nan. Ya rantse mini shi kansa ni zai zaɓa.

Na shirya komai yadda ake yi a gida, har ma fiye. Kwalin dabino ne akwati, na huda shi a sama. Bargona ne labulen ɓuya. Da yake ba kowa ne ya yi karatu ba, na zana wa kowane ɗan takara alama, ni butar shayi, Ɗalha hauya. Na rubuta sunayen mutum goma sha tara a jere. Saura tawadar dangwala yatsa don kada wani ya jefa sau biyu, ita ma na samo dabara. Akwai wani shuɗin fenti da muke sa wa bututu alama da shi, an ce shekara goma rana ba ta cin sa.

Na bi ɗaki-ɗaki, kuma mutum goma sha takwas sun dafa ƙirji sun ce suna bayana. Ban taɓa shiga zaɓe da sanyin zuciya irin wannan ba. Kada dai ki gaya wa Inna, ba za ta gane bambancin ba.

Ki gaida kowa da kowa. Naki,
Mamadu Tsoho, ɗan takara

Wurin askarawa, uku ga Zulƙida

Fanna,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Hidaya. Lafiyar jiki dai da sauƙi. Wani ɗan Dungass mai suna Ismail, wanda ya iya Larabci yake yi mana tafinta, shi ya roƙo mini wannan takarda, kuma shi zai san yadda za ta iso ki. Ki zauna kafin ki karanta.

An yi zaɓe ranar Juma'a lami lafiya. Kowa ya shiga bayan bargo ya jefa, ni da kaina na kama babban yatsan kowa na tsoma a fenti har gaɓa. Magariba ta kawo jiki kafin a gama, sai na ce doka ba ta yarda a yi ƙirga a gaggauce ba, na liƙe akwati, muka sa hannu a kai, aka bar shi sai Juma'a mai zuwa.

Asabar da safe muka isa ƙofar matata. Na fari ya ɗora yatsa, gilashi ya yi ja. Na biyu ma haka. Muka tofa yawu muka goga a wando, muka murza da yashi, fenti ya ce bai san zancen ba. Kafin mutum na shida wata ƙara ta tashi kamar ana yanka jaki, ƙofofi suka rufe, motoci suka kewaye mu. Aka jera mu a rana aka ce kowa ya ɗaga hannu. Ki dubi abin da idon askar, Fanna: baƙi goma sha tara, ƙasa ɗaya, yare ɗaya, kowa da alama iri ɗaya a yatsa ɗaya, a bakin rijiyar arzikin Sarki. An ce rabin yini ba a yi aiki a ɓangarenmu ba, har wani babba ya taso daga birni da jirgi mai saukar ungulu.

Suka bincike ɗakuna suka samo jerin sunaye da rubutun hannuna, da zanen buta da hauya, da kwalin da aka liƙe. Kwalin nan wani ne ya ɗauke shi sanye da riga kamar ta mai shiga rijiyar wuta, aka kai shi tsakiyar fili, aka kawo kare ya shinshina. Hafsan da ke tuhumarmu ya yini yana tambaya ko butar tana nufin tankin mai, hauyar kuma abin da za a fasa shi da shi. Ismail ya yi bayanin kujerar roba har muryarsa ta dushe. Mutumin ya kasa gane yadda za a tara ƙarti a ɓata yini a kan abin da babba zai iya yankewa da kalma ɗaya.

Yanzu dai sun yarda ba mu da makami. Amma kafa ƙungiya da naɗa mata shugaba ba izini laifi ne babba. Hafsan ya ce ba zai kori mutum goma sha tara ba, aiki zai tsaya. Gobe zai buɗe akwatin da hannunsa, wanda jama'a suka zaɓa shi ne kan maciji, shi za a sa a jirgi.

Kin ga inda na kai kaina. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekara goma sha biyar ina roƙon Allah ya ba ni zaɓe, ga shi zai ba ni a ranar da zai raba ni da Arfa, saura wata ɗaya. Na tambayi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya saɓa mini alkawari, kowa sai ya sunkuyar da kai, na san tausayina suke ji. Na karya rantsuwar da na yi a gaban mahaifiyata. Tsoro nake ji, Fanna, kuma kunyar haɗa ido da ke ta fi tsoron yawa. Ki yafe mini, ki sa Inna ta yi mini addu'a ba tare da kin faɗa mata dalili ba.

Mijinki,
Mamadu

Ƙasar Sarki, shida ga Zulƙida

Zuwa ga uwargidana Fanna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ruwa ya sauka an fara shuka. Yaya Inna, yaya Hidaya? Wanda zai miƙa miki wannan takarda Alhaji Ɗalha ne mutumin Kwaya. Ki shimfiɗa masa tabarma mai kyau, ki dama masa fura, domin shugaba ne.

An buɗe akwati a gabanmu. Hafsan yana zaro takarda yana ɗagawa, Ismail yana faɗa. Ta fari hauya. Na ce a raina wannan wani ne hannunsa ya kuskure. Ta biyu hauya, ta uku hauya. Da aka kai ta goma na fara hamdala, da aka kai ta sha biyar kuma sai na ji raina ya fara ɓaci. Hauya goma sha takwas, buta ɗaya, kuma na san wanda ya jefa ta, don da hannuna na ninke ta.

Hafsan ya sa aka tambaye ni ko ba ni ne na shirya komai ba, na ce ni ne. Ko ba ni ne nake sayen sukari ba, na ce ni ne. Sai ya yi dariya har ya cire tabarau ya share ido. Ya ce mutumin da ya shayar da jama'a wata huɗu bai samu ko mutum ɗaya ba, ba shi da haɗari ga Sarki, a mayar da shi bakin fenti. Takardata ba a rubuta komai a kanta ba. An dai kwashe kujerar, an hana taron da ya wuce mutum biyar, an ba mu wani ruwa mai wari muka wanke yatsu.

Ɗalha kuwa da aka ce jibi za a sa shi a jirgi, sai da Ismail ya taka masa ƙafa don kada a ga haƙoransa. Tikitin da ya yi wata uku yana bi, zaɓena ya samo masa a kwana ɗaya. Na tsare shi na tambaye shi ina rantsuwar da ya yi mini. Ya ce da ya shiga bayan bargo sai ya ga hauyar ta yi kyau. Sauran kuma suka ce suna ƙaunata, amma sun san in na hau kujerar nan shayi ba zai sake shiga bakin kowa da zafinsa ba sai an saurari jawabi.

Na yi fushi na yini guda cur. Da na zauna na yi tunani sai na ga wani hanin ga Allah baiwa ne. Da mutanen nan sun cika mini alkawari, da yanzu ni ne a bakin ƙofarki da jaka, Inna tana tambaya ina dabino da zamzam.

Wannan ya kawo ni kan maganar ƙuri'ar nan ta bakwai. Ki daina sa wa ƙanena ido, na zalunce shi. Na san ke ce, Fanna, kuma na daɗe da sani, na ƙi yarda ne kawai. Ranar zaɓen kin dawo daga biro ba ki dube ni ba, kika kama zabuwarki da kike ji da ita, wadda ko ranar sunan Hidaya kin hana a taɓa, kika yanka mini ita ba wanda ya roƙe ki. Na ci na suɗe hannu, ina sane da abin da kike biya. Shekara biyu ina jin zafin abin a raina. Yanzu na gane a duk gidan ke kaɗai kika dubi inda nake jefa ƙafa, sauran shidan, har da ni, hula kawai muka duba.

Sunana ya fito a cikin masu tafiya hajji. Ki gaya wa Inna ta fara gwada kiran, wannan sarautar ba a jefa mata ƙuri'a. In Allah ya kai ni Arfa, bayan iyaye, addu'ata ta fari ta mai ƙuri'ar nan ce da ba ta zo ba, kuma da sunanta zan yi.

Ki gaida Inna da Hidaya da duk mai tambaya. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har abada,
Mamadu Tsoho, mai ƙuri'a ɗaya