Ruwan Kwatar Furana

Gazara, Litinin

Zuwa ga ƙanwata Badi'a,

Assalamu alaikum. Ya Zariya, ya aikinku na ɗakin gwaji? Da fatan kwalaben ruwan kwata da kika sa na ɗebo a Taba, Gazara da Furana sun isa. Na toshe su yadda kika nuna, ko da yake har yanzu ina shakkar ko na yi daidai.

Yarinyar nan tawa ta fari da ke aure a Furana ta sauka lafiya, amma zazzaɓi ya ƙi sakinta. An yi allurai, shiru. Me kuka gani a ruwan garinsu?

Yayanki, Mu'awiyya

Zariya, Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa. Khairiyya kake nufi, ni dai ba na kunyar sunanta. Kowane gari da zuri'ar ƙwayoyin cutarsa. Na Taba da Gazara dangin juna ne. Na Furana daban suke, da yawansu ba sa jin allurar da aka saba yi. Ban ce su ne a jikinta ba. A kawo ta asibiti a gwada.

Ƙanwarka, Badi'a

Gazara, Asabar

Badi'a,

Bayan gaisuwa, na je Furana. Uwar mijinta ta aiko cewa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ruwan zafi ne maganinta. Mijin, Suhaib, kansa na ƙasa. A zaure aka ajiye ni, kin kuwa san uba ba ya jayayya a kan 'yar fari. Ina jin nishinta ta katanga, ina amsa gaisuwa.

Na yi ta juya abin. In na roƙa ta dawo Gazara, inda namu ƙwayoyin cutar ke jin magani, ba zai isa ba? Ƙila ban fahimta ba.

Ki huta lafiya.
Mu'awiyya

Zariya, Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba zai isa ba. In suna jikinta, da su za ta zo. Don Allah ka koma, ka buɗe baki.

Badi'a

Furana, Talata

Badi'a,

Salamu alaikum. Na koma, na yi magana. Sun ce to, amma sai baban Suhaib ya dawo daga Kudan ya ba da izini. Wayarsa a kashe take. Motar da na zo da ita na ƙofar gida, ni ina zaure. Yanzu suka ɗora ruwan wankan yamma.

Ki sa mu a addu'a.
Mu'awiyya